Gam a Maimakon Ƙusa

A shagon katakon unguwarmu a Bulawayo, wani dattijo mai koɗaɗɗiyar hular ma'aikatan jirgin ƙasa ya tsare layi. Yana ƙwanƙwasa falanki, yana kara kunne, ya ɗora roba a kai ya sake ƙwanƙwasawa. Ina bayansa da gwangwanin fenti, na ja tsaki.

"Baba, gida za ka gina?" in ji mai shagon, tana dariya.

"Teburin ɗan jirgina na wasa ne, 'yata. Na sa roba ƙarƙashin layin dogon, sai na kafe shi da ƙusa. Ashe ƙusar ce ke kai ƙara cikin katakon. Ba ni gam."

Ina jin tsohon direba ne. Ya cire hular yana murza ta.

"Matata na kwance ba lafiya. Jiya na tarar ta toshe kunne da matashi, kuma ba ta ce mini komai ba."

Sai ya waiwayo. "Yi haƙuri, ɗana, na ɓata maka lokaci."

Na sunkuyar da kai. Kunnen da ke jin ƙusa cikin katako, tsakina ne zai wuce shi?