Ƙwayar Siddo Mai Jirgi

"Da idona na gani. Ya watsa ta a baki, ya bi da koko."

"Siddo ɗin? Mai salla a sahun gaba?"

"Shi fa. Ni dai iyalina ba sa shiga jirgin ɗan ƙwaya."

Siddo yana bayan tulin buhunan albasa yana kwance igiya, duk ya ji. Bai ɗago kai ba.

Shekara ashirin ya yi yana su a Tunuga. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, sai ya sa wa jirginsa inji ya koma ƙetarar da mutane. A daminar bara iska ta taso masa a tsakiyar kogi, jirgin ya kife. Mutum goma sha ɗaya suka fito, mace ɗaya ba ta fito ba. Har yau ba wanda ya san sunanta. Kafin su tashi ta ce masa, "Mai jirgi, dakata in gyara takalmina." Takalmin nan na roba, ƙafa ɗaya, shi aka tsinta maƙale a ƙarƙashin benci, kuma yana nan inda yake, don Siddo ya kasa jefar da shi.

Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi, magana ta yi masa nauyi. Duk lokacin da ya ja igiyar inji, cikin ƙararsa sai ya ji ana cewa dakata.

Matarsa Basira ce ta kai shi Dosso. A asibiti lokotoro ya ce ciwon damuwa ne, ya ba shi wata farar ƙwaya ta safe. Wata shida yana sha, ya ɗan fara cin tuwo, amma barci bai dawo ba, muryar ma ba ta tafi ba. Satin da ya wuce suka koma, aka ƙara masa wata ƙarama ta bayan magariba, a haɗa da ta farko. Lokotoro ya ce zai yi kwanaki yana jin kasala, kada ya hau ruwa sai ta sake shi, kada kuma ya daina ko da ya ga kamar ba ta aiki, sai an yi sati huɗu ake ganewa. Basira ba ta iya karanta ordonansi, takardar magani, don haka ta ƙulla ta safe a farin ƙyalle, ta yamma a shuɗi.

Yau kwana tara, kasalar ta sake shi, ya dawo bakin kogi. Sai ga wannan magana. A Gaya in an ce ƙwaya, ba a nufin ta asibiti, tramol ɗin ƴan kabu-kabu masu babur ake nufi. Har hantsi jiragen wasu suna cika suna tashi, nasa ko akuya ba a ɗora ba.

Ya fito da farin ƙyallen ya riƙe shi saman ruwa. Sakin yatsu biyu kawai, magana ta mutu. Amma ya tuna shekaranjiya ya yi barci har Basira ta tashe shi salla, karo na farko cikin shekara guda. Ya dubi takalmin a ƙarƙashin benci, ya daɗe yana dubansa.

Baba Idrisa, shugaban masu jirgi, yana zaune a inuwar mangwaro yana jan carbi, mutane kewaye da shi, har da masu maganar ɗazu. Siddo ya je ya durƙusa, ya ajiye ƙyallen da takardar lokotoro a kan tabarma. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, wannan ce ƙwayar da ake faɗa. Ta yamma tana wurin Basira. Don Allah ka riƙe mini ta safe, kullum ka ba ni da hannunka a nan, gaban jama'a."