Yermek na Hawa na Takwas

Yermek tsohon direban bas ne a nan Almaty, ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na takwas. Bai taɓa aure ba. Tun da ɓarin jikin yayarsa Raushan ya shanye, shi ke mata wanka, shi ke dafa mata abinci.

Wata safiya a tsakiyar hunturu ƙasa ta ɗan girgiza. Kowa ya ruga waje ya tsaya cikin ƙanƙara, wasu ko takalmi babu. Su biyu kaɗai ba su sauko ba, don lifta, na'urar hawa da sauka a benen, ta tsaya.

Daga ranar Yermek ya shiga shiri. Ya cika jaka da magungunanta, da bargo, da tocila, da busasshen cuku, ya ajiye a bakin ƙofa. Abin da ya gagara shi ne yadda za a sauko da Raushan.

Ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu tsofaffi ne kamarsa. Wani magidanci ya amsa, amma aikinsa can rijiyoyin mai ne, ba kullum yake gari ba. A ofishin unguwa aka ɗauki sunanta, aka ce masu ceto za su zo idan hanya ta ba su.

Sai ya ce zai gwada da kansa. Ya goya ta da zanin gado, ni ina biye da jakar. Ba mu gama hawa ɗaya ba gwiwarsa ta ƙi. Ya zauna a kan matakala da ita a bayansa, yana haki.

Raushan ta ce, "Kwance ni, sarkin taurin kai. Ran da abin ya zo, ka ɗauki jakarka ka bi mutane."

"Yaya, yi shiru, surutunki nauyi yake ƙara miki."

Muna nan sanyin siminti yana ratsa mu, har wani mai gyaran famfo ya zo wucewa ya taimaka aka mayar da ita.

Bai sake gwadawa ba. Ya janye gadonta daga jikin taga, ya daina zuwa kasuwa mai nisa. Daga baya ya same ni ina shara, ya roƙe ni abu ɗaya: idan girgizar ta sake faruwa kada in ƙwanƙwasa musu, in kwashi jikokina in sauka, in dai gaya wa masu ceto lambar ƙofarsu.

Na nemi wata dabarar da zan ba shi, na rasa. Na ce to.