Wa ke yi wa baƙuwa wankan jego?

Shekarun baya, a shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Bagudo. Lokacin ina ji da kaina. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, kuma na yi Faransanci shekara biyu a kwalejin horon malamai, abin da nakan tuna wa mutane ko ba su tambaya ba.

A bayan gidanmu akwai wasu baƙi, mata da miji, da suka ƙetaro daga Benin ta wajen Illo. Mijin masunci ne, yana jin Hausa daidai ta ciniki. Matar kuwa gaisuwa ma da ƙyar. Ta haifi namiji, aka yi suna, aka watse. Ba a yi mako biyu ba labari ya fara yawo: mai jego ba ta barci, ba ta cin abinci, ta ƙura wa bango ido, kuma ta ƙi ba jaririn nono. In an miƙa mata shi sai ta ɓoye hannuwa a baya ta fashe da kuka. Madarar shanu ake ɗura masa da cokali, yana ta ramewa.

Unguwa ba ta ɓata lokaci ba, ta ce iska ce. Mijin ya yanke shawara: ranar kasuwa mai zuwa zai mayar da ita ƙetare wajen wani mai magani da ke sa wa marasa lafiya mari a ƙafa, jaririn kuma a kai wa ƙanwarsa a wani gari. Kwana biyar suka rage.

Ina da aboki ma'aikacin jinya, wanda rabon ma'aikatan sabuwar jiha ya jefo mana, ya kuma taɓa aiki a sashen masu taɓin hankali. Kowa likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Da na ba shi labari ya ce, "Sai na ji daga bakinta. Amma wa zai yi mini tafinta?"

Na ce, "Mutuniyar Benin? Kana zaune da tafinta kana neman tafinta?"

Washegari da hantsi muka tafi. Mahaifiyata, Inna, ta yafa gyale ta biyo mu, wai ta ji ɗanta zai yi yaren Nasara, ba za a ba ta labari ba. Na gyara murya na yi wa mai jego gaisuwa irin ta shafin farko na littafi, na tambaye ta lafiyarta, har na gaya mata sunana da sana'ata. Ta dube ni kamar yadda take duban bangon. Na maimaita da ƙarfi, kamar yadda nake wa 'yan aji uku.

Inna ta ce, "Kai malam, mi kaka hwaɗa mata haka? Wagga ɗiya ta yi maka kama da wadda tat taɓa shiga aji?" Sai ta juya ta yi mata magana da Dandanci, yaren da ta koya tun tana yarinya wajen cin kasuwar Illo, wanda rabin matan unguwarmu ke ji. Matar ta ɗago kai. Inna ta ce da mu, har da mijin, "Ku hita."

Muka fita: likita, masunci, da masanin Faransanci.

Ta fi awa ɗaya a ciki. Da ta fito ba ta kula ni ba, mijin ta tambaya, "Wa ka yi mata wankan jego?" Ya ce ita ke ɗora ruwanta da kanta. Inna ta yi salati. "Babu uwa, babu gwaggo, mu ko munka ci naman suna munka watse. Kunyar tamu ce."

Sannan ta faɗa wa abokina abin da ta ji. Ɗan fari na matar ya rasu yana shan nono, can garinsu, wata tsohuwa ta ce nononta ne ba shi da kyau. Tun da ta sake haihuwa maganar ta zauna mata a kai, ta tabbata in ta ba wannan ma, kashe shi za ta yi. Mu muna cewa ta tsani ɗanta, ita tana ganin ransa take tsarewa. Magana ce da ba za ta iya yi gaban miji ba, kuma babu macen da ta zauna ta tambaye ta.

Abokina ya ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Mijin ya ce, "Inna, na riga na yi magana da mai mota."

"To ka warware ta. Ka ba ni ita zuwa arba'in. In ba ta samu sauƙi ba, ni da kaina ina raka ku iyaka."

"In ta yi wa yaron wani abu fa?"

"Gabana?"

Ranar kasuwa motar ta tafi babu su.

Matan unguwa suka raba kwanaki. Yau wannan gida ya dafa ruwa da ganyen darbejiya, gobe wancan ya dama kunun kanwa, kuma ba a barin ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Ni na zana musu jadawali a kwali da rula da jan biro. Babu wadda ta duba shi, kuma babu wadda ta taɓa kuskure ranarta. Abokina yana zuwa duba ta, ƙwayar maganin kuma a bakin zanen Inna take. Sun ɗan yi sa-in-sa kan zafin ruwa da yawan kanwa, ta ce masa haihuwa nawa ya yi, amma na lura ta rage. Da liman ya aiko da rubutu, abokina ya ce ta sha duka biyun, nasa dai kada a tsallake.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai ranar da ta koma gidan jiya, ta ƙi kowa, mijin ya sake maganar mota. Sai wajen kwana na goma Inna ta zauna a bayanta, ta riƙe hannuwanta da nata, aka ɗora mata jaririn a nono. Tana kuka, shi kuwa yana harkarsa. Aka kwana, aka tashi, yaro lafiya lau. Aka sake kwana.

Ranar arba'in ba za a ce ta warke sarai ba, ta ci gaba da shan magani har bayan damina. Amma da ƙafarta ta shigo gidanmu, yaron a goye, ta ɗanɗana miyar Inna ta ce da gurguwar Hausarta gishiri ya yi yawa. Inna ta ce, "Wadda ta iya raina miyata ta tashi."

Na karanta littattafai da dama bayan nan kan yadda ake kula da lafiyar hankalin baƙi a cikin al'umma, da manyan kalmomi da zane-zane. Ina karantawa ina ganin matan unguwarmu da tukwanen ruwan zafi a ka. Yaron nan ya zauna a ajina shekaru bayan haka, mai surutu ne ƙwarai, na sha kora shi waje. Duk ranar taron iyaye uwarsa ce ke zuwa ta kare shi, kuma ban taɓa jin daɗin a yi mini faɗa ba kamar nata.