Ranar da Habboba Ta Yi Mini Tofi da Riwaya

Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu, ba ta iya karatu ba, amma ba ta yarda takarda mai rubutun Larabci ta taɓa ƙasa. Ko guntuwar jarida ta gani a hanyar kasuwar garinmu Gadarif, cikin baƙin taɓon nan na damina mai ƙwace wa mutum takalmi, sai ta sunkuya ta ɗauka, ta goge da gefen mayafinta, ta soke a jikin danga. Ta ce haruffan da aka rubuta Alƙur'ani da su ne, ba a taka su.

Ta haka riwayoyina suka samu gatan da ba su cancanta ba. Littattafan labarai ne na matasa, da Larabci, muna karɓa hannu da hannu a sakandare. Muna naɗe bangonsu da takardar buhun siminti don kada ustaza, malamarmu, ta gane. Duk wanda na bari a kan gado, Habboba za ta ɗauka da hannun dama ta kai ɗakinta, ta ɗora a kan katakon da ke ƙasa kaɗan da Alƙur'anin marigayi kakana. Na taɓa gaya mata labarai ne kawai. Ta ce, "Labarin annabawa ma ai labari ne," ta ci gaba da tankaɗe.

Ni da ƙawata ta aji mun fi yin hirar marubutan fiye da labaran. Mun kasa su gida-gida. Akwai masu kashe uwa tun a shafin farko don yarinya ta samu sarari. Akwai waɗanda suke zaton kowace yarinya tana da ɗaki nata ita kaɗai, da ƙofa da za ta buga idan ta yi fushi. Mu ƙofarmu langa-langa ce ɗaure da waya, ka buga ta ta faɗo maka. Duk da haka muna son su, har masu kashe uwar. Amma akwai wata mata guda da na fi ƙauna. Ba a sa hotonta a littafi, sai na zana ta da kaina: mai jiki, mai yawan dariya, tana rubutu tana shan jabana, wato gahawa, har ta huce ta manta da ita. Ita ce ta fara nuna mini cewa yarinya tana iya son ubanta ta kuma ji kunyarsa a lokaci ɗaya, kuma wannan bai sa ta zama 'yar banza ba.

Da yaƙi ya matso, ina garin Fau wajen gwaggota. Muka fito a lori tare da masu aikin gona. A hanya wasu masu bindiga suka tare mu, suka sauke kowa, suka karɓe wayoyi. Ɗaya ya ɗora mini bakin bindiga a kafaɗa ya tambaye ni daga ina nake. Ban iya amsawa ba. Gwaggo ce ta amsa. Suka yi harbi sama, suka sake mu. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma na san wasu sun ga abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma har yanzu da nake rubutun nan, kafaɗar tana yi mini sanyi.

Na dawo gida na kasa fita. Ko raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta wuce a bayan danga tana tatata, sai in tsinci kaina tsugune, hannuwana a kai. Aka buɗe makaranta, ƙawata ta zo ta ce an fara shirin jarrabawar shahada ta gama sakandare, duk wadda ba ta dawo ba za ta rasa shekarar. Na ce to. Na kai ƙofar gida da jakata, ƙafafuna suka ƙi. Babana yana can gonar riɗi wajen aiki, innata kuma ta rasa yadda za ta yi da ni sai kallo.

Littattafan ma na daina taɓa su. Haushin marubutan nake ji. A wajensu idan masifa za ta zo sai an yi maka ishara: gari ya yi duhu, kare ya yi haushi. Ni gyaɗa nake ci a bayan lori, rana tana haske sarai. Kuma 'yan matansu kullum suna da maganar da za su faɗa wa mugu. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su taɓa jin tsoro ba, zama suka yi suna ƙirƙira.

Wata rana da hantsi Habboba ta kira ni ƙarƙashin rumfa. Ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarmar sallarta, ta ɗauko littafi ɗaya daga kan katakon. Wanda ya fi kowanne tsufa ta zaɓo, wanda gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa.

"Firgita ce ta kama ki," in ji ta. "Na lura wannan kika fi karantawa, shi zai fi ƙarfi. Karanta, ni in tofa miki."

"Habboba, wannan ba..."

"Ke, ja'ira, ban tambaye ki ba. Yi bisimilla."

Na marubuciyar nan da na fi ƙauna ne. Ba ni da ƙarfin gardama, na buɗe na fara. Larabcin littafi ba irin na kasuwa ba ne, Habboba ba ta kama shi sosai. Duk inda na tsaya in ja numfashi sai ta ce amin, ta tofa mini a ka, ta shafa kafaɗata. Na karanta shafi guda tana amin. A na biyu ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Na ji direba, na ji bas. Me bas yake yi a cikin addu'a?"

Dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har hawaye, har innata ta leƙo daga madafa da muciya a hannu don ta ga ko lafiya. Rabona da dariya tun Fau.

Na ce, "Tsohuwa, labarin wata yarinya ne. Ubanta direban bas ne, idonsa ya fara mutuwa, yana ɓoyewa don kada a kore shi. Ita take zama kusa da shi tana gaya masa hanya a hankali."

Ta kalli littafin, ta kalle ni. Na zaci za ta yi faɗa a kan shekarun da ya yi kusa da Alƙur'ani. Sai ta ce, "To uwar yarinyar tana ina?"

"Tana gida, ba ta sani ba."

"Ta sani. Yi gaba."

Haka muka yi kwanaki, kullum da hantsi. In karanta da Larabci in juya mata da Hausa. Ta daina alwala, amma ba ta daina tofin ba. Ta ce ba a san inda albarka take ba. Tana yi wa marubuciyar magana kamar tana zaune tare da mu. "Haba baiwar Allah, ki bar yarinyar nan ta ci abinci mana." Da muka zo inda wani babur ya gifta, yarinyar ta ga shi amma muryarta ta maƙale, ta kasa cewa uban ya taka birki, sai na tsaya. Na karanta wurin nan sau da yawa a da, ban taɓa lura da shi ba. Ba ta yi wata jarumtaka ba. Bayan sun tsira ta sauka ta yi amai a gefen titi, ta kwana biyu ba ta magana.

Habboba ta ce, "Wannan matar an taɓa tsorata ta."

Ni ma abin da na gani ke nan. Na ji kunyar haushin da na yi mata.

Littafin ya ƙare a inda aka kira uban gwajin ido, yana zaune a layin asibiti, 'yar tana riƙe da hularsa. Na rufe.

"Sai kuma me?"

"Kalas, ya ƙare. Sauran yana littafi na biyu."

"Ta bar bawan Allah a layi ta tafi? Wace irin mata ce wannan? Ɗauko na biyun."

Na ce yana wajen ƙawata, gidansu kuma yana bayan kasuwar hatsi, sai an ƙetare babban titi. Ta ce ba komai, ita za ta je. Ta tashi da ƙyar, da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta. An yi ruwa da asuba, gari duk taɓo. Ba ta san gidan ba, ta san ban manta da haka ba. Ba ta ce in raka ta ba. Na tsaya ina kallonta tana dogarawa har ƙofa, sai na ga na sa takalmi.

A bakin titi wata raksha ta yi ƙara, na tsuguna. Habboba ta tsuguna kusa da ni, ta kama kakkaɓe taɓo daga silifas ɗinta, tana yi wa masu wucewa sannu kamar don haka muka tsaya. Da numfashina ya dawo ta ce, "Ƙawata, ɗaga ni, ni ba zan iya tashi ba." Na ɗaga ta, muka ƙetare.

Na koma makaranta a makon da ya biyo. Ban warke ba. Ina zama kusa da bango, kuma idan aka ja benci da ƙarfi alƙalami yana faɗuwa daga hannuna. Amma ina zuwa, kuma zan zauna jarrabawar.

Ban san ko marubuciyar nan tana raye ba, ko yaƙin ya kore ta daga gidanta kamar yadda ya kori mutanen da suka cika garinmu. Habboba tana sa ta a addu'a bayan la'asar, tsakanin babana da masu aikin gona. Ba ta riƙe sunanta ba. Cewa take, "Allah ka tsare mai labarin direba, ka ba ta lafiyar ido."