Kwalta a Jikin Motar Marayu

Ina fita takaba, maganar da wan mijina ya fara kawowa ita ce ta mota. Farar mota ce ƙarama mai inji a baya, irin wadda yara ke bi da gudu suna cewa kunkuru. Marigayin ya saye ta a shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a hannun ma'aikata. Kowa na sayen rediyo da babur, shi kuwa ya ce sai mota, ko da zai shekara yana cin tuwo babu nama. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon makaranta, mutanen Angwan Iya suna leƙe suna cewa ya sangarta mata. Da aka raba gado, motar ta faɗa a rabon 'ya'yana biyu.

"Motar marayu ce, Malama," in ji Yaya, haka nake kiransa. "A sayar tun tana da haskenta. A hannun mace ba za ta ƙare damina ba."

A Keffi muke zaune, amma a garin Garaku nake koyarwa lokacin. In babu motar, sai dai in tsaya bakin hanya jiran a-kori-kura in isa makaranta rana ta yi tsaka, ko in ajiye aikin in zauna jiran abin da dangi za su miƙo mini. Na kuma san abin da ke biye da irin wannan zaman, wato a raba mini yara gida-gida. Na ce ban yarda ba. Surukata, da muke zaune gida ɗaya ina ce mata Inna, tana bayan ɗanta. Da ya ga na kafe, Yaya ya ce zai tafi kudu saro atamfa, in ya dawo zai duba motar da idonsa. Ko ƙwarzane ɗaya ya gani, magana ta ƙare. Na ce na ji, na yarda.

A shekarar ake shimfiɗa sabuwar kwalta a hanyarmu, aka yi wa motoci ratse ta gefen gonaki. Wata Alhamis ina dawowa, an tafka ruwan sama, na tarar da wata babbar mota ta kafe a ratsen ta toshe shi. Wani lebura mai jar tuta ya nuna mini sabon titin yana kaɗa hannu.

"Madam, pass, pass! E don dry!"

Ashe bai bushe ba. Ina hawa na ji tsakuwa na bugun ƙasan motar kamar ana suyar gugguru, ga motoci a bayana suna ta ham, ba halin tsayawa. Da na iso gida na fito na duba, sai na ga motata ta koma zabuwa. Daga saman tayoyi har hannun ƙofa ɗigon kwalta ne baƙi ƙirin, can ƙasa kuma ya yi kauri, tsakuwa ta maƙale a ciki. A ranar ne kuma saƙo ya zo cewa Yaya zai iso Juma'a ta sama. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don na ji tsoro ƙwarai. Da na gama na wanke fuska, na ɗaura zane a ƙugu na fito da bokiti.

Ruwa da sabulu ba su yi mata komai ba, sai ma shafa baƙin da na yi inda babu shi. Washegari na je wurin bakaniken da marigayin ke kai wa gyara. Ya ce kada in kuskura in sa wuƙa ko reza, fetur kuma yana iya dusashe fenti, in nemi kananzir in riƙa sawa kaɗan-kaɗan ina wankewa nan take. Faɗa da baki ba wuya. Ƙasa tana iyo cikin mai, rediyo na faɗa kullum, amma kananzir ya yi ɓatan dabo a Keffi a wannan watan. Na juye duk fitilun gidanmu a gwangwani, abin da na samu ƙofa ɗaya ya wanke. Gidan kowa ya koyi kwanciya da wuri.

Ranar Asabar na zaga gari da kwalba a hannu na dawo da ita wayam. Ina shigowa na hango Inna durƙushe a bayan motar, ga kwanon toka, ga soso, tana dirza kamar ta sami bayan tukunya. Kwaltar wurin ta fita kam, amma ta tafi da ƙyallin fentin, wuri kamar faɗin tafin hannu ya dushe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Maganar da ta zo mini baki ba ta faɗuwa ga suruka, na haɗiye ta. Sai kuma na tuna tsohuwar nan da ciwon gwiwa take sallah a zaune, ga ta durƙushe a kan tsakuwa saboda motar da ita ma take so a sayar.

"Inna, sannu da aiki."

"Yawwa, 'yar nan. Na ga kwana biyu ko abinci ba kya ci." Ta kalli wurin da ya bushe ya yi fari fat, ta riƙe haɓa. "Af! Garin neman gira na rasa ido ke nan?"

Ta miƙe da ƙyar ta ɗauko kwalbar man gyaɗa don ta goge yatsunta. Haka duk iyaye mata ke yi tun da aka fara aikin titi, yara na dawowa da kwalta a tafin ƙafa. Ni ma na yi wa nawa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa kawo mota a ciki ba. Ina tsaye ina kallo baƙin ya narke ya bi tsumma.

"Inna, miƙo mini kwalbar nan."

Man gyaɗa ba ya sauri irin na kananzir, sai da haƙuri. Nakan tsoma auduga in ɗiga a kan kowane tabo, in bar shi ya jiƙa, sannan in ɗauke da tsohon zane mai laushi. Na gane ba a murzawa, domin yashin da ke cikin kwaltar shi ke zana fenti. Shafa ɗaya, a juya tsumma. Inda ya yi kauri sai an maimaita, a tura tsakuwar da bayan farce a hankali, daga baya a bi da ruwan sabulu. Na ajiye motar ƙarƙashin mangwaro, domin a rana ƙarfen yana ƙona hannu.

Makon nan a bayan a-kori-kura na je makaranta, tsakanin buhunan doya, kullum a makare. Hakan ya ƙara mini zuciya. In na dawo, kafin in cire takalmi na ɗauki auduga, ba na tashi sai an kira magariba. Awakin unguwa suka ji ƙamshi suka yi mana caa, suna lasar tayoyi da ƙofa. Inna ta kawo tabarma da sanda ta zama mai gadi, tana yaga mini tsummoki tana korar awaki. Maƙwabta in sun wuce sai su ce, "Malama, yau ƙuli-ƙulin mota ake soyawa?" In ce, "Ku dawo da yamma, da zafinsa." Farcena duk ya karye, bayana kamar ba nawa ba, amma ranar Alhamis na wanke ta tas, na kwanta a ƙasa na duba har ƙarƙashin ƙofofi.

Yaya ya zo bayan an sauko Juma'a. Labari ya riga ya kai masa tun a tasha, Keffi ba ta ɓoye abu. Ya zaga motar hannuwansa a baya, yana sunkuyawa yana shafawa. Da ya kai inda fentin ya dushe ya tsaya, ya ɗago ya dube ni.

"Kada ka dube ta," in ji Inna daga kan tabarma. "Aikina ne wannan. In sayarwa za ka yi, ka haɗa da ni."

Ya yi tari, ya wuce. Ya buɗe murfin injin a baya, ya tsuguna. A leɓen ƙarfen, inda murfin ke rufewa, akwai wani guntun kwalta da ban gani ba. Na matso ina leƙe. Ya sa farce ya kankara, ko gezau. Tsohuwa ce, ta bushe ta yi toka-toka, jar ƙasa ta shige cikinta.

Na ruga na ɗauko auduga da mai. Zan ɗiga ke nan ya tare ni da hannu.

"Bar shi, Malama. Wannan ba naki ba ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da muka je Gitata da marigayi ne, ana aikin hanyar. Na ce ya tsaya a goge, ya ce in mun dawo gida zai yi."

Ya daɗe a tsugune, yatsansa a kan tabon. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan ya miƙe ya rufe murfin a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya zaga ta ɗaya gefen ya buɗe ƙofar mai zaman banza ya shiga ya zauna.

"Ɗauko makulli," ya ce, bai dube ni ba. "Ki kai ni makabarta in gaishe shi."