Wasan Da Babu Tsohuwa A Ciki

Na manta abubuwa da yawa na zamanin makaranta, amma ban da makon da malaminmu na Hausa ya miƙa mana wasan kwaikwayonsa na biyar. Wannan kam da shi zan mutu.

A sakandarenmu a Gummi, shi yake rubuta mana wasa duk ƙarshen shekara. Huɗun farko duk da ni aka yi: rigimar masunta, gardamar iyakar fadama da makamantansu. Komai zafin faɗa, sai wata tsohuwa ta shigo da sandarta ta raba, a tashi ana dariya. Ni ce tsohuwar, kuma ina ji da kaina.

Na biyar kuwa labarin wani ne da aka kashe ƙanensa a kan ramin zinare, ya bi makashin ya kashe. Na duba shafi-shafi, babu tsohuwa. Gaskiya haushin rasa gurbina ne ya kai ni wurin Malam.

"Malam, ina tsohuwa ta tai?"

"Wanga wasa ba shi da tsohuwa," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

A gida na baje wasannin biyar a tabarma. A huɗun, kullum "wani gari" yake cewa. A wannan kuwa ga hanya daga tashar Anka, ga gida mai shuɗiyar ƙofa, ga ranar kasuwar da makashin yake komawa gida shi kaɗai a babur. Sai na tuna wata uku baya mun yi wa Malam ta'aziyyar ƙanensa, mai haƙar zinare.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Inna ta ce, "Ke mi as same ki, kina zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai?" Na karanta mata. Ban kai ƙarshe ba ta jawo gyale. "Wanga ba wasa na ba. Tashi mu tai."

Muka hau mota sai Bukkuyum, wurin mahaifiyar Malam, muka karanta mata wasan. Ranar kasuwar, yayyensa suka tare shi a bakin tashar Anka, da wuƙa a cikin jakar littattafansa.

Malam bai kashe kowa ba. Bai sake rubuta wasa ba, kuma har na gama makaranta bai ƙara amsa gaisuwata ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma na koyi cewa idan mutum ya rubuta abin da bai yi kama da shi ba, a bar takardar a je a duba mutumin, ko da zai ƙi ka har abada.