Takalmin da Na Saya wa Inna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jujjuya labarin nan a raina, yau dai na ce bari in sauke shi, ko wani zai amfana.

Lokacin da abin ya faru ni ɗalibi ne a ƙasar Turkiyya, ɗan wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, inda gonar gero ke farawa daga bakin dangar gidanmu. Ban da karatu, abin da aka san ni da shi yawo ne. Da an ba da hutu sai in saɓa jakar goyo, in jefa ruwa da burodi da sallaya, in nausa. Abokaina har tsokanata suke yi wai ƙafata ƙaiƙayi take. Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne zanen bango. Sai ka shiga wani lungu ka tarar an zana fuskar mutum a jikin bene tun daga ƙasa har sama, ka rantse zai yi maka magana. Na cika wayata da hotunansu, kuma duk kiran da na yi gida sai na ce wata rana Baba da Inna za su gani da idonsu.

Ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ce masu alkunya. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta zauna hira da ni. In tana da magana sai ta faɗa wa ƙanwata, ko ta kalli gefe ta ce a gaya wa yaron nan. Na saba, ban taɓa jin haushi ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, a gida kullum ƙanwata na tsakaninmu, a wannan tafiya kuwa babu ita.

Da bikin kammala karatunmu ya zo, Allah ya hore suka taho, Baba ya bar gona a hannun ƙannena. Titunan garin da nake karatu duwatsu ne, ga hawa da gangara, Inna kuma silifa ta sani. Sai na saya mata takalmi sau-ciki mai kyau. Da ido na ƙiyasta girman ƙafarta, don ta ina zan fara tambaya? Na ba Baba ya miƙa mata, ta sa, ta ce Allah ya yi albarka tana kallon bango. Na san tana da ciwon sukari, ni ma nake tuna wa ƙanwata lokacin karɓo magani. Amma ɗoki ya rufe mini ido, ban haɗa ciwon da sabon takalmi ba.

Kullum da hantsi muke fita. Ina gaba da jakata ina zuba kamar kanya, Baba na biye yana tsiya. Ya tambaye ni ko masu gidajen sun san an ɓata musu bango, ya ce da a garinmu ne da tuni mai unguwa ya ji labari. Inna na can baya da mayafinta. In na waiwaya na tambaya ko an gaji, sai Baba ya dube ta, ta girgiza kai, mu ci gaba. Wata rana na kai su wata unguwa a kan tudu, inda aka zana wata tsohuwa tana sheƙar hatsi. Inna ta jingina da bangon da ke kallon zanen ta daɗe a tsaye, har Baba ya gaji ya nemi wurin zama. Wallahi ranar kamar an yi mini bushara. Na ɗauka zanen ne ya kama ta, ashe ƙafa take hutarwa.

Asirin ya tonu ne a wani masallaci da muka tsaya yin la'asar. Mun idar muna jiran Inna a waje, shiru. Can sai ga wata dattijuwa ’yar ƙasar ta fito daga ɓangaren mata, ta tambaya ko ni ne ɗan baƙuwar nan, ta kama hannun rigata tana ja tana zazzaga mini faɗa da yarensu. Ta ce wane irin ɗa ne zai ja uwarsa yawo da irin wannan ƙafa. A bakin wurin alwala na tarar da Inna zaune, safa ta manne da ciwo, ƙaramin yatsan ƙafarta ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Tana ganina ta ja zani ta rufe. Ban san lokacin da jakar ta zame daga kafaɗata ba.

A asibiti likita na tambaya ina fassarawa, Inna na ba Baba amsa, Baba na maimaita mini, alhali duk Hausa ɗaya muke ji. A nan na ji cewa tun ranar farko takalmin ya ci ta, ƙurji ya fito ya fashe, ta yi ta naɗe shi da tsumma. Baba ya ce ya lura da ɗingishin, ya yi mata magana, ta roƙe shi kada ya faɗa mini. Wai yaron nan ya daɗe yana ɗokin ranar nan, a bar shi ya nuna abin da zai nuna. Likita ya ce yatsan ba zai tsira ba, kuma da mun ƙara jinkiri da ƙafar ake magana.

Bayan an cire yatsan aka ce dole wani ya koyi wanke ciwon. Idon Baba ba ya gani sosai, don haka ni ne. Ranar farko na durƙusa na ɗora ƙafarta a cinyata, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙafa ce ƙarama mai kaushi, wadda ta yi ta zirga-zirgar kai abinci gona don in yi karatu, kuma ban taɓa taɓa ta ba sai ranar. Na kasa riƙe kaina, hawaye ya ɗiga a kan bandejin. Daga cikin mayafin ta ce, a hankali, "Ka daina kuka. Ai na gani. Abin da ka ce za ka nuna mana, na gani." Ni ta yi wa magana, ba Baba ba.

Mun dawo gida. Ciwon ya warke, amma tafiyarta ba ta koma daidai ba. Ta daina zuwa tsinkar gyaɗa da kaka, kasuwar Ɗanbatta ma sai dai aike. In mata suka tambaye ta, sai ta ce ƙaddara ce, ta kawo wani zancen.

Abin da na koya shi ne, shirun iyayenmu ba lafiya ba ce a kullum. Mu da muka fita waje, in Allah ya kawo su wurinmu, kada mu auna su da ƙarfin ƙafarmu. Ba za su ce sun gaji ba, musamman uwa a gaban ɗanta na fari. Ku rage yawon, ku nemi abin hawa, ku zaunar da su, in da mai ciwon sukari ku duba ƙafar da idonku ko da za a ji kunya. Zanen bango yana nan, ko baɗi ka koma za ka same shi.

Har yau Inna ba ta taɓa cewa ni na ja mata ba, ko a bayan idona. Wallahi da ta faɗa sau ɗaya, da ya fi mini sauƙi.